Manyan Sinadarai Huɗu da Mai Neman Likitancin Haƙori Zai Sani

Jikin duk wani mai rai, tun daga ƙwayar gero har zuwa ɗan Adam, idan aka ɗebe masa ruwa da 'yan ma'adinai, abin da zai rage kusan dukkansa sinadarai ne iri huɗu: kabohaidiret, da lifid, da furotin, da nukiliyik asid. Masana ilimin halittu suna kiran su manyan sinadarai, domin ƙwaya guda ta wasunsu tana ɗauke da dubban atom a haɗe, alhali ƙwayar ruwa atom uku ce kacal. Dukkansu a kan kabon aka gina su. Kabohaidiret da lifid kabon ne da haidirojin da oksijin. Furotin ya ƙara da naitirojin, wani lokaci har da farar wuta. Nukiliyik asid kuwa, ban da naitirojin, yana da fosforas.

Ɗalibin da ke neman gurbin karatun likitancin haƙori a Najeriya ba shi da hanyar kauce wa wannan darasi. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana yi masa jarabawa a darussa huɗu: Turanci, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fizis. Tambayoyi 180 ne a kwamfuta cikin awa biyu, maki 400. Manyan sinadaran nan suna fitowa a Bayoloji ta fuskar abinci da narkewarsa da gadon halitta, su kuma sake fitowa a Kemistiri ta fuskar sinadaran kabon, saboda haka wanda ya iya su riba biyu ya ci. Idan Allah ya sa aka dace da gurbi, misali a Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, karatun shekara shida ne, kuma da waɗannan sinadarai darasin Bayokemistiri ke buɗewa.

A karkarar arewacin Kano, wato su Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Minjibir da Makoɗa da Tsanyawa, gona ba ta hutu. Kowace damina ana noma ta, ana riƙe ƙarfinta da takin gida, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fage guda. Makarantar sakandare ta ƙauye tana iya rasa cikakken ɗakin gwaji, amma sitaci da mai da furotin ɗin da littafi ke magana a kansu suna nan cikin rumbu da madafa.

Ƙa'ida guda ce ta ratsa darasin duka. Babban sinadari, in ban da lifid, tamkar carbi ne: ƙananan 'ya'ya masu kama da juna da aka jera. Kowane ɗa sunansa monoma, jerin kuma folima. Duk lokacin da 'ya'ya biyu suka haɗu, ƙwayar ruwa guda takan fita, wannan shi ne kondanseshan. Idan za a raba su, sai an mayar da ruwan, wannan kuma haidirolisis. Narkewar abinci gaba ɗayanta haidirolisis ce, girman jiki kuma kondanseshan. A kan kowane aji, abu huɗu mai jarabawa ya fi tambaya: mene ne ɗansa, wane haɗi ne ya ɗaure shi, wane enzayim ke kwance shi, kuma da wane gwaji ake gane shi.

Kabohaidiret shi ne ajin farko, kuma ɗansa sukari ne mai ƙwaya ɗaya. Mafi shahara shi ne gulukos, mai kabon 6, haidirojin 12, oksijin 6. Furuktos na zuma da 'ya'yan itace, da galaktos na madara, lissafinsu ɗaya da gulukos, tsarin zaman atom ɗin ne ya bambanta. Gulukos biyu suka haɗu, an sami maltos. Gulukos da furuktos, sukuros ke nan, sukarin rake da mazarƙwaila da na shayi. Gulukos da galaktos kuma laktos, sukarin nono. A nan ake yawan tuntuɓe wajen lissafi: sukari mai ƙwaya biyu kabon 12 gare shi, amma haidirojin 22 da oksijin 11, ba 24 da 12 ba, domin ruwa guda ya fita. Haɗin da ke tsakaninsu shi ake kira gilaikosidik.

Idan ɗaruruwa ko dubban gulukos suka jeru, sai a sami sitaci, ajiyar abincin tsirrai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake gasara ya ga yadda ake ware shi. A jiƙa gero, a kai markaɗe, a tace da ƙyalle, dusa ta tsaya a sama, a bar ruwan ya kwanta. Abin da ya taru a gindin roba, mai santsi idan an murza shi da yatsa, galibinsa sitaci ne. Ba ya narkewa a ruwan sanyi. Da an kwarara masa tafasasshen ruwa sai ƙwayoyinsa su kumbura su fashe, koko ya yi kauri. A ɗiga aidin a kan gasarar, nan take ta koma shuɗi mai duhu kusan baƙi, kuma wannan shi ne gwajin sitaci kamar yadda yake a littafi. Sitaci kashi biyu ne: amilos miƙaƙƙe, da amilofektin mai rassa. Dabbobi da mutane su ma suna ajiye gulukos, a hanta da tsoka, da sunan gilaikojin, wanda ya fi amilofektin yawan rassa.

Abin lura shi ne karan dawa da harawar wake da auduga su ma gulukos ne a jere. Sunan wannan jerin selulos. Me ya sa mutum ke cin ƙwayar dawa ya ƙoshi, amma karanta sai dai a ba saniya? Bambancin yana ga fuskar haɗin kawai. A sitaci haɗin alfa ne, jerin yana lanƙwashewa, enzayim ɗin ɗan Adam yana iya kama shi. A selulos haɗin bita ne, kowane gulukos ya juya baya ga na kusa da shi, jerin ya miƙe, ya manne da 'yan'uwansa ya zama zare mai ƙarfi. Mutum ba shi da enzayim ɗin da ke kwance wannan. Akuya da tunkiya da saniya su ma ba su da shi, ƙananan halittun da ke zaune a tumbinsu ne ke yi musu aikin. Ɓawon jikin fara kuma kaitin ne, ɗan'uwan selulos da ya ƙara da naitirojin.

Narkewar sitaci a baki take farawa. Yawu yana da enzayim mai suna amilez, wanda tsofaffin littattafai ke kira tayalin, yana mayar da dafaffen sitaci maltos. Shi ya sa lomar burodi ke ɗan yin zaƙi idan ta daɗe ana taunawa. Masu kunun zaƙi sun daɗe suna cin moriyar irin wannan enzayim: sukan haɗa ƙullun da busasshen dankali ko tsiron hatsi, kunun ya kwana, ya tsinke, ya yi zaƙi. Gwajin sukari kuwa na Benedict ne ko na Fehling. A zuba ruwan gwajin mai launin shuɗi, a ɗumama, idan akwai gulukos ko furuktos ko maltos ko laktos sai ya rikiɗe zuwa ja irin na jan bulo. Sukuros ba ya amsa wannan gwaji sai an fara tafasa shi da tsarmamman asid an raba shi biyu. Wannan tarko ne da masu tsara tambayoyi ba su gajiya da ɗanawa.

A kan sukuros ne darasin ya shiga bakin majinyaci. Har gobe akwai masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, akwai ma masu yawo kasuwannin ƙauye da sunan fitar da ita. Babu wata tsutsa. Tun 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke, Willoughby Miller, ya bayyana cewa ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da sukari asid, asid ɗin kuma ya cinye haƙori. Babbar mai laifin ita ce Streptococcus mutans, wadda aka raɗa wa suna a 1924. Tana karɓar sukuros ta raba shi, ta jera gulukos ɗin ya zama wani folima mai danƙo da ake kira gulukan, da shi take mannewa a jikin haƙori ta tara dauɗar nan mai yauƙi. Sauran sukarin kuma ta mayar da shi laktik asid. Farin ɓawon haƙori, wato inamel, ya fi komai tauri a jikin mutum, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinin kalsiyam da fosfet ne, amma da ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka ƙasa da kimanin 5.5 sai ya fara zagwanyewa. Bayan an sha zaƙi, ma'aunin pH kan sauka cikin 'yan mintoci, yawu kuma ya ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya daidaita shi. Ke nan yaron da ya wuni yana tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya ya fi cutuwa a kan wanda ya sha nasa zaƙin lokaci guda tare da abinci. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya riga ya sa ƙafa a aikin da yake nema.

Aji na biyu, lifid, bai kai sauran wuya ba. Shi ne mai da kitse da danginsu, kuma abin da ya tara su shi ne ba sa narkewa a ruwa. Shi ba folima ba ne na haƙiƙa. Man gyaɗa da man shanu duk giliserol guda ne da fati asid uku suka maƙale masa ta haɗin esta, ruwa uku suka fita. Idan babu tagwayen haɗi tsakanin kabon da kabon a jikin fati asid ɗin, jerin yana miƙe, yana cunkushewa, sai man ya daskare, shi ya sa kitse da man shanu ke barci da sanyin hunturu. Man gyaɗa da man riɗi kuwa suna da tagwayen haɗi masu lanƙwasa jerin, saboda haka sun fi zama ruwa. Giram ɗaya na mai yana ba da kilokalori 9, na kabohaidiret ko furotin 4. Gwajinsa mafi sauƙi yana hannun duk mai sayen ƙosai: takardar da aka naɗe shi ciki tana yin tabon da haske ke ratsawa, kuma ba ya bushewa. A ɗakin gwaji ana amfani da Sudan na uku, wanda ke rina mai ja. Idan aka dafa mai da alkali, ko soda ko ruwan toka, sai a sami sabulu da giliserol, tambayar da Kemistiri ke so ƙwarai. A hanji, ruwan matsarmama yana farfasa mai ya zama ƙananan ɗigo kafin enzayim mai suna lifez ya kwance shi, amma ruwan matsarmamar kansa ba enzayim ba ne. Akwai kuma fosfolifid, mai kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudunsa, wanda ke jeruwa ninki biyu ya zama fatar kowace ƙwayar halitta. Allurar kashe zafi da likita ke yi kafin cire haƙori sai ta ratsa wannan fata a jikin jijiya kafin ta yi aiki. Bitamin A da D da E da K a cikin mai suke narkewa, kuma D ne ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam ɗin gina ƙashi da haƙori.

Aji na uku, furotin, shi ne ya fi yawan aiki a jiki. 'Ya'yansa amino asid ne iri 20. Kowanne yana da kabon a tsakiya, da rukunin amino, da rukunin kaboksil, da haidirojin, da wani reshe da ya bambanta shi da saura. Haɗinsu shi ne feftaid. Naitirojin ɗin da ke cikinsu daga ƙasa yake zuwa, kuma manomi ya san haka a aikace. Gonar da ta rasa taki ko yuriya ganyenta rawaya yake yi. Wake da gyaɗa kuwa, a tuge su a duba saiwar, za a ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu bakteriya ke zaune suna kamo naitirojin daga iska. Shi ya sa wake ke da furotin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, shi ya sa kuma ƙuli-ƙuli, abin da ya rage bayan an matse mai daga tunkuza, yake abinci mai gina jiki ba abin taɓa ka lashe kawai ba.

Tara daga cikin amino asid 20 jikin mutum ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Gero da dawa suna da ƙarancin laisin, wake kuma yana da shi amma ya gaza a metiyonin. Wanda ya haɗa hatsi da wake, ko fura da nono, ko tuwo da miyar da ta ji daddawa, ya cike giɓin wannan da wancan. Inda aka yaye yaro a kan koko zalla, tamowa na iya kama shi, garkuwar jikinsa ta yi rauni. A irin wannan hali ne cutar da likitoci ke kira noma take samun ƙofa. Daga gyambo a dasashi take farawa, cikin kwanaki ta ci kumatu da leɓe, kuma yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Siffar furotin mataki huɗu ce. Na farko shi ne jerin amino asid ɗin, wane ke bin wane. Na biyu, jerin ya murɗe ko ya ninke, haɗin haidirojin ya riƙe shi. Na uku, duk zaren ya dunƙule ya ɗauki siffarsa ta musamman. Na huɗu, zare biyu ko fiye su haɗu su yi aiki tare. Aikin furotin yana ga siffarsa, idan ta lalace aikin ya tafi, ko da jerin yana nan daram. Zafi da tsami su ne manyan masu lalata ta. Farin ƙwai a kasko misali ne. Wani misalin yana wajen mai awara: ta markaɗa waken suya, ta tace, ta ɗora madarar a wuta, da ta tafasa ta zuba ruwan tsami, nan da nan madarar ta kakkarye, farin gudaji ya taso, ruwa ya ware gefe, ta kwashe a ƙyalle ta danne da dutse. Haka laktik asid ke yi wa furotin ɗin madara har ta zama kindirmo. Enzayim ma furotin ne, saboda haka kowanne da inda yake jin daɗin aiki. Amilez na yawu yana son wurin da ba tsami ba kanwa, da ya faɗa ciki sai asid ya tsayar da shi. Fefsin sai a tsamin ciki, wajen pH 2, tirifsin kuma a ƙaramin hanji, wajen pH 8. Gwajin furotin shi ne na Bayuret, mai ba da launin shanshanbale, da na Millon, mai ba da ja idan an ɗumama.

Furotin ɗin da likitan haƙori ya fi hulɗa da shi shi ne kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin mutum. Zare uku ne a murɗe da juna. Dentin, wato naman haƙori da ke ƙarƙashin inamel, kusan kashi 70 cikin 100 ma'adini ne, kashi 20 kuma galibi kolajin, saura ruwa. Zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori a muƙamuƙi su ma kolajin ne. Jiki ba ya iya ƙera kolajin mai ƙarfi sai da bitamin C. Idan ya yi ƙaranci na tsawon lokaci sai dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su fara girgiɗi. Lemo da gwaiba da tumatir da garin 'ya'yan kuka duk suna da shi.

Aji na huɗu, nukiliyik asid, shi ke riƙe da umarnin yadda za a jera amino asid ɗin kowane furotin. Iri biyu ne, DNA da RNA. Ɗansu nukiliyotaid, mai sassa uku: sukari mai kabon 5, da fosfet, da bes mai naitirojin. A DNA sukarin diyoksiribos ne, bes ɗin kuma huɗu, ana taƙaita su da A, T, G, C. A RNA sukarin ribos ne, U ta maye gurbin T, kuma zarensa ɗaya ne. DNA zare biyu ne a murɗe, siffar da James Watson da Francis Crick suka bayyana a 1953 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Kullum A tana fuskantar T da haɗin haidirojin biyu, G tana fuskantar C da uku. Daga nan lissafin jarabawa ke fitowa: idan aka ce A kashi 30 ce cikin 100, to T ma 30 ce, G da C kuma 20 kowace.

Ana karanta umarnin bes uku-uku, kowane ukun yana nufin amino asid guda. Ana kwafe shi daga DNA zuwa RNA a cibiyar ƙwayar halitta, sannan ribosom ya karanta RNA ya jera furotin. Tunda duk halittu da wannan rubutu suke aiki, ana iya ɗauko umarni daga wata halitta a sa wa wata. Haka aka yi irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019: an sa masa umarni daga wata bakteriyar ƙasa, yana ƙera furotin ɗin da ke kashe tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa.

Babu misalin da ya haɗa aji na uku da na huɗu kamar amosanin jini, wato sikila. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, zare huɗu ne, alfa biyu da bita biyu. Zaren bita amino asid 146 gare shi. A mai sikila, bes guda ne ya sauya a DNA, GAG ta koma GTG, sai amino asid na shida ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin. Vernon Ingram ne ya gano wannan sauyi na amino asid a tsakiyar shekarun 1950. Wannan guda ɗayan ya isa ya sa himogulobin ya manne da juna idan oksijin ya yi ƙasa, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar, kuma a 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure wadda ta haɗa da gwajin sikila. Idan mai AS, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da cutar ba, ya auri mai AS, lissafin da ake so ɗalibi ya fitar shi ne AA kashi 25, AS kashi 50, SS kashi 25. Wannan kaso ga kowane ciki yake, sabo fil, ba wai idan an haifi mai SS guda sauran ukun sun tsira ba. Mai SS ya fi saurin kamuwa da ciwon ƙashi bayan rauni, har da na muƙamuƙi, saboda haka likitan haƙori yana tambayar majinyaci matsayin jininsa kafin ya ɗauki abin cire haƙori.